Nawa Zan Karɓa In Na Koyar da Ɗinki?

A Gure, kamar sauran garuruwan ƙasar Muniyo, an saba da hanya ɗaya ta koyon sana'a. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa tela, ya ce, "Maigida, ga amana." Ba a zancen kuɗi. Yaro ya shekara uku ko huɗu yana shara, yana guga, yana zuwa aike, har hannunsa ya faɗa. Aikin da ya yi wa shago shi ne biyansa.

Wannan hanya tana nan. Amma yau akwai matan aure da ƴan mata da ba za su iya ba shago shekara huɗu ba. Suna so a zaunar da su wata shida, a koya musu awo da yanka da ɗinki, su biya, su koma gida su kafa nasu. Mai zuwa da wannan niyya ɗaliba ce, ba yarinyar shago ba, kuma koyar da ita haja ce mai farashi. Nan ne masu sana'a da yawa suke yin tuntuɓe. Sai su tambayi abin da maƙwabciya take karɓa, su rage kaɗan, su ce shi ne nasu. To, wa ya ce maƙwabciyar ta yi lissafi?

Mu ɗauki misali. Kuɗin da ke ciki na koyon lissafi ne, kowa ya sa na shagonsa a madadinsu. Wata mai ɗinki tana da keke uku. Ta ɗauki ɗalibai shida, biyu a kowane keke. Ana karatu awa uku da safe, kwana 20 a wata.

Hayar shagonta sefa 8,000 ce a wata. Da safe ake koyo, da yamma take nata ɗinkin, saboda haka rabin haya, 4,000, yana wuyan makaranta. Man keke da allura da kuɗin mai gyara, 2,000. Sabon hannu yana karya allura, yana cukurkuɗa zare a ƙwarƙwaro, kada a yi mamaki. Zare da alli da takardar siminti ta gwajin yanka da ɗan yadi mai araha, 1,000 ga kowace ɗaliba, ya zama 6,000.

Saura abu biyu da ba a fitar da su daga aljihu kullum, shi ya sa ake mantawa da su.

Na farko tsufan keke. In an sayi keke 60,000, kuma a hannun masu koyo zai yi shekara biyar kafin ya gaji, to kowace shekara yana cin 12,000, kowane wata 1,000. Keke uku, 3,000 ke nan. Wannan kuɗi ba na cefane ba ne. A ware shi, ko a zuba shi a asusu irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991. Ranar da keke ya tsaya cak, kuɗin sabo yana ajiye.

Na biyu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne lokacin malama. Awa ukun nan da take tsaye a kan ɗalibai, da ɗinkin mutane take yi. A ce a safiya ɗaya takan samu 750, wato dala 150. A kwana 20 ya zama 15,000. Wannan ladanta ne, ba riba ba. Mata da yawa suna jin nauyin rubuta shi, wai kada a ce sun cika son kuɗi. Ba abin kunya a ciki. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijar ta tsayar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne a wata. Gwanar da ta nemi 15,000 a kan aikin safiya ba ta zarce ba.

Ga jimla ta wata ɗaya:

Haya 4,000
Mai da allura da gyara 2,000
Kayan gwaji 6,000
Tsufan keke 3,000
Ladan malama 15,000
Duka 30,000

A raba 30,000 gida shida, kowace ɗaliba 5,000, jika biyar. Wannan ita ce uwar kuɗi, ba a ci komai ba tukuna. Yanzu dubi wadda take karɓar 2,500. Shida sau 2,500, 15,000. Ta biya haya, ta sayi zare, ta gyara keke, ita kuwa ta yi wata guda tana aikin banza. Kuɗi suna shiga hannunta suna fita, shi ya sa ba ta gane ba, sai dai ta ce kasuwa ce ba ta ci.

Ko jika biyar ɗin ma ba a tsaya nan ba. Ba duk waɗanda suka fara ne suke gamawa ba. Wata za a yi mata aure a kai ta Kelle, wata ta haihu, wata uwarta ta kwanta ciwo. Haya kuwa ba ta raguwa don mutum ɗaya ya tafi. Saboda haka a yi lissafi da biyar, ba da shida ba. In ɗaya ta fita, kayan gwajinta kaɗai ke sauka, saura 29,000. A raba gida biyar, 5,800. A ɗora riba a kai, a ce 6,500. In biyar suka tsaya, an samu 32,500, riba 3,500. In Allah ya sa duka shida suka kai ƙarshe, 39,000, riba 9,000. Da wannan ribar ake ƙara keke na huɗu.

Za a yi ciniki, babu makawa. Mahaifin yarinya zai zo ya ce, "Haba Malama, jika shida da rabi? Ai ƴarki ce." Kada a yi fushi, kuma kada a sallama don kunya. A ce, "Baba, ƴata ce, amma zauna mu ƙirga tare." A Indiya, a garin Rishikesh, akwai makarantu masu horar da malaman yoga, wani irin motsa jiki da sarrafa numfashi. Da awa suke tallar karatunsu, wanda aka fi sani shi ne na awa 200, don mai biya ya san abin da ya saya. Dabarar tana da amfani a nan. Awa uku sau kwana 20 sau wata shida, awa 360. Kuɗin wata shida na ɗaliba ɗaya 39,000. Kowace awa ta tashi kimanin dala 22, da keke da zare da malama a ciki. Mai jin haka yakan sassauto.

In da gaske ba shi da hali, akwai inda ake sassauci ba tare da an taɓa uwa ba. Ɗaliba ta zo da zarenta da yadinta, a cire mata jika ɗaya. A wata biyun ƙarshe, in hannunta ya kai ta yi kalmasa da sa maɓalli a kayan mutane, musamman gab da salla, a rage mata gwargwadon aikinta. Manomi yana iya biya da gero, a auna da tiya bisa farashin kasuwa na ranar. Wadda malama ta ga dama ta koya wa don Allah, marainiya ko ƴar'uwa, wannan alheri ne, amma ta san daga ribarta ta bayar, kuma kujera ɗaya ce, ba uku ba.

Lokacin buɗewa ma yana cikin farashi. Bayan kaka mutane suke da abin hannu, ko sun sayar da amfanin gona, ko sun kai dabba kasuwar Subdu. Wanda ya buɗe da faɗuwar damina zai ga ɗalibai sun watse gona. A karɓi kuɗin wata biyu kafin alƙalami, sauran kuma a farkon kowane wata, ba a ƙarshensa ba. A rubuta a kaye: suna, rana, abin da aka biya, abin da ya saura. Da sefa ake rubutu ko da da dala aka yi magana, don 500 a takarda dala ɗari ce a baki, kuma wannan ya sha haɗa mutane rigima.

Farashin bana ba lalle ya yi baɗi ba. Yadi da zare da yawa daga Kano suke zuwa, daga kasuwar Kantin Kwari, kuma canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, kowane mai shago ya ji a jikinsa. Kafin a ɗauki sababbin ɗalibai, a sake lissafin daga farko. Waɗanda aka riga aka yi magana da su kuwa, a bar su a kan farashin da aka yi alkawari har a yaye su.

Aikin kaye: wani tela yana da keke huɗu da ɗalibai takwas. Duk abin da yake kashewa a wata, har da ladansa, 40,000 ne, kuma kayan gwajin kowane ɗalibi 1,000 ne a ciki. Nawa ce uwar kuɗi a kan kowane ɗalibi? In biyu suka daina zuwa, nawa ta koma? Rubuta amsar da sefa, sannan ka faɗe ta da dala.