DARASI: WANE LIKITA ZA MU NEMA IDAN HAIHUWA TA YI JINKIRI?

Kowane manomi a cikinmu ya san gwajin iri. Kafin damina mukan ƙirga ƙwayar masara 100, mu naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan mako guda mu buɗe mu ƙirga waɗanda suka tsiro. In 20 kaɗai suka tsiro, ba wanda zai je ya zagi gona, ko ya sayo buhu biyar na taki ya zuba mata. Amma sa'ad da haihuwa ta yi jinkiri a gida, sai mu manta da wannan dabara. Matar ce za a yi ta yawo da ita daga wannan mai magani zuwa wancan, shekara biyar, shekara goma, ba a taɓa duba mijin ko sau ɗaya ba.

Masu cewa suna ba da maganin haihuwa sun yi yawa a zamanin nan. Ga mai saiwa a kasuwa, ga mai kemis, ga ƙananan asibitocin kuɗi da manyan alluna a bakin hanya, ga masu talla a rediyo da cikin waya. Wanda ke neman ɗa kuwa ba ya jin tsada. Haka akan sayar da shanun huɗa, a jinginar da fadama, kuɗi ya ƙare tun ba a san ainihin abin da ke damun iyalin ba. Cikin wannan darasi za mu duba yadda miji da mata za su zaɓi wanda za su ba amanar jikinsu da dukiyarsu.

YAUSHE ZA A TAFI?

Likitoci ba su cewa akwai matsala sai miji da mata sun yi shekara guda suna kwana tare a kai a kai, ba su ɗaukar matakin hana ciki, ciki kuma bai shiga ba. In matar ta wuce shekara 35, wata shida ya isa, kada a jira shekara. Haka kuma in al'adarta ba ta zuwa daidai, ko tana da ciwon mara mai tsanani, ko an taɓa yi wa ɗayansu aiki a mara ko a maraina, sai a tafi da wuri. Wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma na gidanmu kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kamar mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan gamu da wannan jinkiri a wani lokaci na rayuwarsa.

Akwai wani lissafi da ya kamata mu riƙe. Cikin ma'aurata 100 da matan ba su kai shekara 40 ba, fiye da 80 sukan sami ciki a shekara ta fari. Cikin waɗanda suka rage, wajen rabi sukan samu a shekara ta biyu ba tare da wani magani ba. To, in ɗaya daga cikin waɗannan ta sha jiƙon saiwa a watan da cikin zai shiga dama, wa zai sami yabo? Mai saiwa. Ita za ta ba da labari a rijiya da wurin niƙa, amma mata tara da suka sha suka tashi a banza ba za su ce kome ba. Domin haka "ai wance ta je wurinsa ta haihu" bai isa ya zama dalilin zaɓen mai magani ba.

ALAMA TA FARI: YA CE A ZO DA MAIGIDA?

A ganinmu wannan ita ce babbar alamar da za a gane likitan kirki da ita. Wanda ya fara rubuta wa mace magani ko allura bai ce a kawo mijinta ba, ya fara zuba taki bai gwada iri ba. Daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin iyalan da ke da wannan damuwa, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar.

Mun san abin da maza kan faɗa: "Ni lafiyata ƙalau, ƙarfina bai ragu ba." Ƙarfin kwanciya dabam, ƙwayoyin haihuwa dabam. Mutum yana iya zama kamar ingarma, amma in an sa maniyyinsa a madubin likita a tarar ƙwayoyin kaɗan ne, ko ba su motsi, ko babu su sam. Wani kuma ya ce yana da 'ya'ya da matarsa ta fari. Wannan labarin jiya ne. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba yana iya toshe hanyar maniyyi, hangum da ya kama babban mutum yakan sauka a maraina, jijiyoyin jini na maraina kuma sukan kumbura. Abin da ya fi ban tausayi shi ne allurar ƙarfin maza mai sinadarin testosteron da wasu ke yi wa kansu: tana sa jiki ya rage yin ƙwayoyin haihuwa, wani lokaci ya daina. Mu da muke feshi, mu gaya wa likita irin magungunan da muke taɓawa. A 1977 an gano a jihar Kalifoniya ta Amurka cewa ma'aikata da dama masu haɗa wani maganin tsutsar ƙasa mai suna DBCP sun rasa ƙwayoyin haihuwa, aka kuma ga irin haka a ma'aikatan gonakin ayaba a Kosta Rika.

Gwajin namiji ba ya zafi, ba a yanka kome, a yawancin asibitocin gwamnati kuma kuɗinsa bai kai na buhun takin zamani ɗaya ba. Mutum zai ƙaurace wa iyalinsa kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi cikin kwalbar da za a ba shi, a duba cikin awa guda. In sakamako bai yi kyau ba, kada a karaya. Jiki yakan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ya gama yin sababbin ƙwayoyi, zazzaɓi mai zafi ma yakan rage su na ɗan lokaci. Likitan da ya san aikinsa zai ce a sake gwaji kafin ya yanke magana, in da bukata ya aika mutum wurin likitan mafitsara.

ABIN DA ZA A DUBA WAJEN UWARGIDA

Abu uku ne: ko tana sakin ƙwai kowane wata, ko hanyoyi biyu da ƙwai ke bi zuwa mahaifa a buɗe suke, da kuma lafiyar mahaifar kanta. Likita zai yi tambaya mai yawa a kan al'ada, ɓari, da haihuwar baya, ya yi sikanin, wataƙila ya auna jini. Ƙwai yakan fito kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kwanakin da suka gabace shi kuwa su ne na ɗaukar ciki. Mazan da ke tafiya cin rani wata huɗu ko biyar su lura da wannan.

Hanyoyin ƙwai su ne suka fi ba mu wahala a wannan yanki na duniya. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 25, aka buga shi a 1985, ya nuna cewa kusan rabin matan Afirka da aka duba hanyoyinsu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki kamar ɗaya ce cikin goma. Abin da ke toshe su yawanci cuta ce: ciwon sanyi, wanda sau da yawa mijin ne ya kawo shi gida, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta. Tsargiya ma tana taɓa mahaifa da hanyoyinta, don haka mai aiki cikin ruwan fadama ta faɗa wa likita. Ana gane toshewa da wani hoto da likitoci ke kira HSG: a ɗura ruwa mai launi ta bakin mahaifa bayan an gama al'ada, a ɗauki hoto a ga ko ya wuce. Yana da ɗan ciwon mara, amma ba ya daɗewa.

Ga dalilin da ya sa muka nace a kan wannan. Akwai ƙwayar magani mai suna Clomid da ake sayarwa a kemis kamar gyaɗa. Aikinta ɗaya ne, watau ta sa mace ta saki ƙwai. In hanya a toshe take, ko miji ba shi da ƙwayoyi, ko an sha kwali goma a banza ne. Ko ga wadda ta dace da ita, likitoci ba su cika wuce wata shida suna ba da ita ba.

DAGA INA ZA A FARA?

A fara da babban asibiti na kusa, ko asibitin mishan, inda akwai likitan mata. Yawancin gwaje-gwajen da muka ambata ana yin su a can ko a garin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, na Jami'ar Jos, na Bingham da aka sani da Jankwano, na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato da Maiduguri. Layi yana da tsawo a waɗannan wurare, ana kuma ɗaga ranar ganin likita, amma akwai ƙwararru da yawa wuri ɗaya, kuɗi kuma da sauƙi.

Asibitin kuɗi ba laifi ba ne, akwai nagari. Sai dai a tambaya. Kowane likita a Nijeriya dole ya yi rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ya kuma sabunta lasisinsa kowace shekara. Ƙwararren likitan mata yana da ƙarin shaida daga kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Farar riga da allo ba shaida ba ne. Likitan gaskiya ba ya fushi don an tambayi sunansa da takardunsa. A kuma karɓi kofin kowane sakamako da kowane rasit a adana cikin leda, gama in aka canja likita ba sai an sake biyan kuɗin gwaji ba. In aka ce za a yi aiki, misali a cire ƙari daga mahaifa, a kai takardun ga likita na biyu a ji ta bakinsa. Mata da yawa masu ƙari suna haihuwa lafiya, ya danganta ga girmansa da inda ya zauna.

DASHEN CIKI

Wannan shi ne abin da ake kira IVF: a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da ƙwayar namiji a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar cikin mahaifa. An haifi jaririya ta fari ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A Nijeriya Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a Legas cikin shekarun 1980, a 1998 kuma aka haifi jaririya ta hannun Dakta Ibrahim Wada a yankin Abuja. Ga wadda hanyoyinta biyu suka toshe, sau da yawa wannan ce hanyar da ta rage.

Kuɗinsa miliyoyin naira ne a kowane gwaji, kuma ba tabbas. Ko a Ingila, mace 'yar ƙasa da shekara 35 takan haihu kamar sau ɗaya cikin dashe uku. Daga shekara 40 zuwa 42 kamar ɗaya ne cikin goma. Wanda ya ce muku nasa ba ya faɗuwa, ku ɗauki jakarku. Ku tambaya: cikin mata masu shekarun matata da kuka yi wa bara, nawa suka koma gida da jariri a hannu? A lura, jariri muka ce, gama wasu sukan ƙirga gwajin fitsari da ya nuna ciki ko da ya zube daga baya. Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da allurai? Guda nawa za a dasa? Dasa uku ko huɗu yana kawo 'yan uku da haihuwar bakwaini, da haɗari ga uwa. Ƙwai da maniyyin na wane ne, namu ko na wani? Waɗanda suka rage fa, me za a yi da su? Waɗannan biyu na ƙarshe sun shafi lamiri, sai miji da mata su zauna su yi shawara, da fastonsu in sun ga dama, kafin su sa hannu a takarda.

WAƊANDA ZA A GUJE MUSU

Mai yin "wankin mahaifa" domin a sami ciki. Kankare mahaifa ba ya kawo ciki, yana iya barin tabo har bangonta ya manne, al'ada ta ɗauke. Haka yankan gishiri da cusa ganye ko kanwa a gaba. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari.

Akwai kuma wata muguwar damfara. A Nuwamba 2024 BBC ta nuna binciken da ta yi a jihar Anambra, inda ake ba mata allurai da haɗe-haɗe har ciki ya kumbura, a ce musu suna da "ɓoyayyen ciki" wanda na'ura ba ta gani, a hana su zuwa wani asibiti. Bayan an karɓi kuɗi mai yawa sai a bugar da mace da magani, ta farka a miƙa mata jaririn da aka sayo. Ba cikin da sikanin ba ya gani bayan wata biyu. Addu'a tana tafiya tare da magani, amma duk wanda ya hana mace gwaji ko hoto, ko da sunan addu'a ne, akwai abin da yake ɓoyewa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. In ɗan ƙungiya ya nemi rance domin neman haihuwa, zai yiwu mu fara ba da kuɗin gwajin miji da mata da na mota, sauran kuma sai an ga sakamako? Wa zai riƙe asirin?

2. Wane dattijo ne a cikinmu zai iya yi wa namiji maganar gwaji a keɓe, har ya raka shi asibiti?

3. Wane asibiti mafi kusa da mu ne ke da likitan mata, wace rana yake ganin mutane, nawa ne kuɗin kati?