Filin Shawarwari: Rikicewar Tunani ga Mai Ciwon Hanta

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa maigidanta, wanda likitoci suka tabbatar hantarsa ta taurare sakamakon ciwon hanta nau'in B, ya koma barcin rana da farkawar dare, yana maganganu marasa kan gado, hannayensa kuma suna kaɗawa idan ya miƙa su. Dangi sun ce shafar aljanu ce, wasu sun hana shi nama, ita kuwa tana neman sanin abin yi.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Alamomin sun dace da rikicewar ƙwaƙwalwa mai tushe daga hanta, wadda ke faruwa idan hanta ta kasa tace ammoniya, wato gubar da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa a hanji, har ta bi jini ta isa ƙwaƙwalwa. Likitoci sun kasa wannan rikicewar zuwa mataki 4, na ƙarshensu doguwar suma, saboda haka asibiti ya kamata a nufa da shi ba tare da jinkiri ba.

Abin da likita zai fara nema shi ne abin da ya tayar da ciwon, domin sau da yawa akwai shi: zubar jini a ciki, wadda baƙin bahaya ke nunawa, ko kamuwa da wata cuta, ko taurin bahaya, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko maganin barci. Jigon magani shi ne laktulos, wani ruwa mai zaƙi da ke hana ammoniya shiga jini, yana fitar da ita ta bahaya, kuma ana daidaita yawansa har majinyaci ya riƙa yin bahaya mai laushi sau 2 ko 3 a rana. Kuskuren masu jinya da yawa shi ne dainawa da zarar ciki ya saki, alhali sakin cikin ake nema, muddin bai zama zawo ba. Idan ciwon ya yawaita dawowa, akan ƙara da rifaksimin, miligiram 550 sau 2 a rana, sai dai yana da tsada.

Hana nama tsohon ra'ayi ne da aka bari, domin tsokar jiki ma tana rage ammoniya, kuma yunwa na cinye tsokar. Majinyacin yana buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, musamman daga wake da nono, da ɗan abin taɓawa kafin barci. Addu'a ba ta hana magani, amma a nisanta shi da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, kuma kada ya tuƙa mota ko babur sai likita ya yarda.