Wakilin Jama'a: Labarin Alhaji Yusuf Abdullahi Ata

Idan ƙauye ya sami wata bukata wurin hukuma, ba dukan mutanen garin ne za su ɗunguma su tafi birni ba. Sai su zaɓi mutum guda wanda suka amince da shi, su aike shi ya yi magana da yawunsu. To, haka al'amarin ɗan majalisar dokoki yake. Shi ɗan aike ne, jama'a kuwa su ne masu aiken.

A birnin Kano akwai Majalisar Dokokin Jiha mai wakilai 40. Ƙasar Gwarzo tana da kujera ɗaya, ƙasar Kabo ma tana da ɗaya. Watau mutanen Jama'a da Getso da Kutama wakilinsu guda ne, na Garo da Kabo kuwa nasu dabam. Kowace shekara huɗu akan sake zaɓe. Aikin wakilan nan shi ne su yi dokoki, su duba yadda za a kashe kuɗin jiha wajen makarantu da asibitoci da hanyoyi, sa'an nan su sa ido a kan aikin gwamna da ma'aikatansa.

Domin ku gane yadda rayuwar irin wannan wakili take, bari mu ɗauki labarin mutum ɗaya. Ba mutumin Gwarzo ba ne, amma in kun yi haƙuri za ku ga inda hanyarsa ta gamu da ta wani mutumin Gwarzo.

An haifi Alhaji Yusuf Abdullahi Ata a shekarar 1962 a Fagge, wata unguwa ta 'yan kasuwa da ke bayan ganuwar Kano. Ya yi makaranta tun daga ƙaramin aji kamar yadda kuke yi yanzu, har ya kai Jami'ar Bayero, inda ya karanta ilmin tattalin arziki. Da ya shiga siyasa, mutanen Fagge suka zaɓe shi ya wakilce su a Majalisar Dokokin Jihar Kano. Da wa'adi ya cika suka duba aikinsa, ba sau ɗaya ba suka mai da shi. A hankali ya yi ta gaba, har ya zama shugaban masu rinjaye, watau jagoran wakilan jam'iyyar da ta fi yawan kujeru.

A watan Yuli na 2017 Kakakin Majalisa, Alhaji Kabiru Alhassan Rurum na ƙasar Rano, ya sauka daga kujerarsa. Sai wakilai suka zaɓi Alhaji Yusuf ya gaje shi. Kakaki shi ne shugaban majalisa. Shi ke buɗe zama, shi ke ba kowa izinin magana, in kuwa gardama ta yi zafi shi ke tsawatawa. Babban matsayi ne ƙwarai.

Amma ku lura da wani abu. Waɗanda suka ɗora Kakaki suna da ikon sauke shi, muddin kashi biyu cikin uku na wakilai sun yarda, watau mutum 27 cikin 40. Haka kuwa aka yi. A ƙarshen watan Yuli na 2018, shekara guda ke nan da hawansa, abokan aikinsa suka sauke shi, suka mai da Alhaji Kabiru. Alhaji Yusuf ya koma kujerarsa ta wakilin Fagge, gama wannan ba wakilai suka ba shi ba, mutanen Fagge ne.

Shekaru suka wuce. A watan Oktoba na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya zaɓe shi ya zama Ƙaramin Ministan Gidaje da Raya Birane. Wa kuke tsammani ya gada? Ai Alhaji Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ne, mutumin ƙasar Gwarzo, wanda ya yi Mataimakin Gwamnan Kano daga 2007 zuwa 2011, ya kuma riƙe wannan kujera ta minista tun 2023. Ka ji duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Wanda aka sauke jiya shi aka ɗora yau, wanda ke kai kuwa ya sauka.

Abin da za mu koya a nan shi ne, kujerar mulki aro ce, ba gādo ba. Kakaki a hannun wakilai yake, wakilai kuwa a hannun talakawa. Har ma tsarin mulkin ƙasarmu ya ce in fiye da rabin masu zaɓe na wata mazaɓa suka sa hannu a takarda cewa ba su gamsu da wakilinsu ba, hukumar zaɓe za ta kira su su jefa ƙuri'a a kan ko ya zauna ko ya dawo gida.

Saboda haka, yara, ƙuri'a ba abin wasa ba ce. Wanda ya sayar da tasa don sabulu ko 'yan kuɗi kaɗan, ya sayar da bakinsa na shekara huɗu. In rufin makaranta ya yaye, ko rijiya ta ƙafe, da wane ido zai dubi wakili ya yi masa magana? Ku da kuka kai shekara 18 za ku yi zaɓe. Tun 2018 kuma doka ta yarda mai shekara 25 ya nemi kujerar majalisar jiha. Watakila wani ko wata a cikin ajin nan shi ne mutanen Gwarzo ko Kabo za su aika. In ranar ta zo, ya tuna da waɗanda suka aike shi.

Tambayoyi

1. Wakilai nawa ne a Majalisar Dokokin Jihar Kano?
2. Faɗi ayyuka uku na ɗan majalisa.
3. Don me aka ce kujerar mulki aro ce?
4. Tambayi iyayenka sunan wakilin ƙasarku, ka rubuta abu ɗaya da kake so ya yi wa garinku.