Rayar da Tsohon Wasan Kwamfuta ta Hanyar Manhajar Kwaikwayo: Nazarin Jet Set Willy na ZX Spectrum

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci yadda ake kunna wasan Jet Set Willy, wanda aka fitar a Ingila a shekarar 1984, a kan kwamfutar zamani ta hanyar manhajar kwaikwayo. An bi sawun wasan tun daga kaset har zuwa lokacin da ya fara gudana, aka kuma tsaya a wuraren da aikin ya fi cijewa: nau'in fayil, daidaiton lokaci, katin launuka na hana satar fasaha, da kuskuren da wasan ya fito da shi tun asali. Muƙalar ta nuna cewa zaɓin da mai kunnawa ke yi a kowane mataki shi ke tantance ko abin da ya adana wasan 1984 ne ko wani abu mai kama da shi.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Sinclair Research na birnin Kambirij ya fitar da kwamfutar ZX Spectrum a watan Afrilun 1982. A lokacin an sayar da mai ma'adanar kilobayit 16 a kan fam 125, mai kilobayit 48 kuma a kan fam 175. Ba ta da allon kanta, da talabijin ɗin gida ake haɗa ta, manhajojinta kuma a kan kaset ɗin sauti suke, irin wanda aka saba ɗaukar waƙa da wa'azi a kai. Kaset kuwa yana lalacewa da shekaru, na'urorin da suka rage su ma sassansu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka hanyar da ta rage wa yawancin masu nazari ita ce manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfutar yau ta yi aiki tamkar tsohuwar na'ura, umarni bayan umarni. Daga cikin sanannu akwai Fuse ta Philip Kendall, da Spectaculator, da ZEsarUX.

An zaɓi Jet Set Willy, wanda Matthew Smith ya rubuta, kamfanin Software Projects ya buga, domin kusan duk wata matsala da ake gamuwa da ita a wannan fage tana cikinsa.

2.0 Daga Kaset zuwa Fayil

Spectrum tana karanta kaset ne ta hanyar auna tsawon kowace girgizar sauti da bugun agogon injinta, Z80, mai bugu miliyan 3.5 a daƙiƙa. Kowane ɓangaren bayanai yana farawa da sautin share fage mai girgiza ta bugu 2168, sai gajerun girgiza biyu na 667 da 735 masu nuna cewa bayanai sun iso. Daga nan sifili girgiza biyu ne na bugu 855, ɗaya kuwa girgiza biyu na 1710. Idan aka ƙaddara cewa sifili da ɗaya sun yi kunnen doki, na'urar na karanta kimanin bit 1,365 a daƙiƙa, ke nan bayit 32,768 na wannan wasa suna cin kusan minti uku kafin su shiga.

Fayil nau'in TAP bayanan kawai yake riƙewa, ba ya riƙe tsawon girgizar. Wannan ya wadatar ga Jet Set Willy, domin da tsarin lodi na asali yake shiga. Amma kamfanoni da yawa sun rubuta nasu tsarin lodin don gudun masu kwafe kaset. Fitaccen misali shi ne Speedlock, wanda kamfanin Ocean ya yi amfani da shi a wasan Daley Thompson's Decathlon. Irin waɗannan sai da nau'in TZX, wanda Tomaž Kac ya ƙirƙira a shekarun 1990, domin yana adana tsawon girgiza da tazarar shiru. A nan ne sabon shiga ya fi tuntuɓe. Manhajojin kwaikwayo suna da dabarar gaggawa: da zarar wasa ya kira tsarin lodin da ke adireshi na 1366, sai su zuba bayanan cikin ma'adana nan take. Wasan da ke da nasa tsarin ba ya bi ta wannan adireshi, don haka sai a ga allo ya tsaya cik, ko na'urar ta koma farko. Maganin shi ne a kashe lodin gaggawa, a bar kaset ɗin ya juya da saurinsa na ainihi.

Nau'i na uku shi ne hoton ma'adana, kamar SNA da Z80, wanda ke ɗaukar halin da na'ura take ciki a daidai wani lokaci. Shi ya fi sauƙin buɗewa, shi ne kuma ya fi rauni a matsayin hujjar bincike, kamar yadda za a gani a sashe na 5.0.

3.0 Zaɓen Na'ura da Daidaiton Lokaci

Kafin a yi lodi, wajibi ne a saita manhajar a kan samfurin 48K, domin shi aka rubuta wa wasan. A wannan samfuri ba a rubuta umarni harafi-harafi. Danna J yana fitar da kalmar LOAD gaba ɗayanta, alamar zance kuma tana fitowa ne da Symbol Shift haɗe da P. Wanda bai san wannan ba zai iya ɓata lokaci mai yawa yana zaton fayil ɗinsa ne ya lalace.

Batun lokaci ya fi wannan zurfi. A samfurin 48K, zana hoto ɗaya a talabijin yana cin bugu 69,888, wato layi 312 kowanne bugu 224. A samfurin 128K kuwa bugu 70,908 ne. Bugu da ƙari, injin Z80 yana tarayya da guntun da ke zana hoto, ULA, a kan ma'adanar da ke tsakanin adireshi na 16384 da 32767. Duk lokacin da ULA ke karanta hoto, sai ta dakatar da injin na ɗan lokaci, daga bugu ɗaya zuwa shida, in har ya nemi taɓa wannan yanki. Jet Set Willy ba ya jiran agogon talabijin, yana zagaya da'irarsa ne gwargwadon saurin injin, kuma a kowane zagaye yana kwafe hoton ɗaki daga wurin ajiya na wucin gadi zuwa allo, duka a cikin wannan yanki na tarayya. Manhajar da ta yi watsi da wannan jinkiri za ta gudanar da wasan da ɗan sauri fiye da na ainihi, kiɗan da ke fita ta ƙaramar lasifikar na'urar shi ma ya ƙara gudu. Wasan zai yi aiki, amma tsallen da ɗan wasa ke aunawa da ido da kunne ya riga ya sauya.

Wasu wasannin ma ba sa lamuntar ko da wannan. Fitowar farko ta Arkanoid tana leƙen abin da ULA ke karantawa ta wata kafa da ba a haɗa ta da komai ba, domin ta gane inda zanen hoto ya kai. Wannan ɗabi'a ba ta cikin littafin jagorar na'urar, kuma samfuran +2A da +3 na Amstrad ba su da ita a wannan siga, shi ya sa wasan ke sandarewa a kansu. Ke nan ingantacciyar manhajar kwaikwayo dole ta kwaikwayi har abin da masu ƙera na'urar ba su yi niyya ba.

4.0 Katin Launuka

Da lodi ya kammala, wasan ba ya farawa. Sai ya nuna harafi da lamba, ya nemi a shigar da jerin launuka huɗu da ke daidai wannan gurbi a kan wani kati da ake sakawa cikin kwalin kaset. Katin yana da gurbi 180, kuma dama biyu kawai ake bayarwa, in aka kuskure na'urar ta goge komai, a sake jiran minti uku. Hikimar ita ce, a 1984 kwafe kaset abu ne mai sauƙi, amma injin kwafe takarda mai launi ba ya hannun 'yan makaranta.

Manhajar kwaikwayo ba ta da abin da za ta yi a nan, domin wani ɓangare na wasan yana kan takarda ne. Yawancin kwafin da ke yawo an cire musu wannan shinge, kuma hakan ya isa ga mai neman nishaɗi. Ga mai adana tarihi kuwa, kwafin da aka yi wa tiyata ya rasa shaida guda game da yadda kasuwar manhaja ta Ingila ta yi fama da satar fasaha, don haka ya fi dacewa a ajiye fayil ɗin asali tare da hoton katin mai launi.

5.0 Kuskuren The Attic

Wasan yana da ɗakuna 60 da Willy zai zagaya yana tattara tarkacen liyafa kafin mai kula da gidansa, Maria, ta bar shi ya kwanta. A ɗakin The Attic, wato ɗakin ƙarƙashin rufi, akwai wata kibiya da aka ba ta matsayi marar daidai. Sa'ad da wasan ke zana ta, sai rubutun ya zarce iyakar wurin hoto ya faɗa kan bayanan wasu halittun wasan. Bayan haka dodannin ɗakin The Chapel sukan ɓace, wasu ɗakunan kuma shigarsu mutuwa ce nan take. Ɓarnar ba ta gyaruwa da fara sabon wasa, sai an sake lodi daga kaset. Da farko kamfanin ya ce da gangan aka yi hakan, daga baya ya fitar da gyara huɗu ta umarnin POKE, wanda ke sauya ƙimar bayit ɗaya a ma'adana: 59901 ya zama 82, 60231 ya zama 0, 42183 ya zama 11, 56876 ya zama 4. Na farkon ne ke gyara kibiyar. Sauran ukun suna warware wasu kurakuran da suka sa ba a iya kammala wasan ko da ba a shiga The Attic ba. Ana shigar da su ne bayan an loda bayanan wasan, kafin a ba da umarnin RANDOMIZE USR 33792, ko kuma ta tagar POKE da manhajojin kwaikwayo ke tanadarwa.

A nan raunin hoton ma'adana ke bayyana. Idan wanda ya ɗauki hoton ya riga ya leƙa The Attic, to ɓarnar tana cikin fayil ɗin har abada, kuma sake buɗe shi ba ya wanke ta. Idan kuma ya riga ya sa gyaran huɗu, babu abin da zai nuna hakan a fuska. Mai nazari zai iya tantancewa da kansa ta duba waɗannan adireshi huɗu: in ya tarar da 82 a 59901, to kwafin gyararre ne.

Wane kwafi ne ke nan wasan gaskiya? Wanda yaran Ingila suka saya a 1984 ba ya kammaluwa, wanda ke kammaluwa kuma gyara ne da ya biyo baya. Abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne a ajiye fayil ɗin kaset yadda yake da kuskurensa, a rubuta gyaran daban, a riƙa sa shi lokacin kunnawa kawai, domin daga kwafin asali ana iya samar da gyararre a kowane lokaci ba tare da an rasa komai ba.

6.0 Haƙƙin Mallaka

Babu manhajar kwaikwayon da za ta tashi ba tare da kwafin tushen manhajar Spectrum mai kilobayit 16 ba. Kamfanin Amstrad, wanda ya sayi harkar kwamfutocin Sinclair a 1986 a kan fam miliyan 5, ya amince a riƙa rarraba wannan tushe tare da manhajojin kwaikwayo, muddin ba a cire sanarwar mallakarsa ba. Shi ya sa Fuse ke zuwa da shi a shirye. Wannan izini bai shafi wasannin ba. Kowane wasa yana da mai haƙƙinsa, wasu sun yarda a rarraba nasu kyauta, wasu sun hana. Ɗakin karatu ko sashen jami'a da ke son tara irin waɗannan fayiloli yana buƙatar ya binciki matsayin kowane wasa shi kaɗai, ya kuma rubuta a jikin kowane fayil daga wane kaset aka ɗauko shi, da nau'insa, da samfurin na'urar da aka gwada shi a kai.