Daga Randa zuwa Tanki: Tsatsa da Laka a Ruwan Gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda tsatsa da laka ke taruwa a tankuna da bututu da hitar wanka a gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni cikin birnin Kano. Hujjarta ita ce, mazubin ruwan Bahaushe ya sauya, amma al'adar wanke shi ba ta biyo shi ba.

1.0 Gabatarwa

A gidan Bahaushe na gargajiya randa tana gaban idon uwargida. Da zarar ta ga laka ta kwanta, sai ta juye ruwan, ta dirje cikinta, ta mayar da marufi. Ruwan famfo ya shigo Kano daga Challawa tun zamanin Turawa, daga baya matatar Tamburawa ta ƙaru. Duk da haka, ƙarancinsa ya sa gidaje da dama a waɗannan unguwanni suka dogara ga rijiyar burtsatse da tankin sama. Ta haka ruwa ya koma inda ido ba ya kaiwa.

2.0 Asalin Tsatsa da Laka

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: baƙin ƙarfe da ruwa da iskar oksijin. A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila, inda ake ɗumama ɗakuna da ruwan zafi mai zagayawa cikin rufaffen bututu, akan zuba sinadarin hana tsatsa, a ɗaura matacin maganaɗisu mai kama baƙar laka. Wannan dabara ba ta dace da mu ba, domin ruwanmu na sha ne da girki, kuma duk lokacin da aka cika tanki sabuwar iska ta shigo.

Hanyoyin lalacewar guda huɗu ne. Na farko, rufin tutiya da ke jikin tsohon bututun ƙarfe yakan cinye, tsatsa ta toshe shi daga ciki. Na biyu, wani ruwan burtsatsen yakan fito garau alhali da narkakken ƙarfe a cikinsa, sai ya sha iska ya yi ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarfen da ya haura miligiram 0.3 a lita yana ɓata tufafi. Na uku, ƙurar hunturu takan shiga tankin da ba marufi, hasken rana kuma ya haifar da gansakuka. Na huɗu, zafin da ya wuce digiri 60 yana ƙara taruwar farin ɓawo a jikin ƙarfen hita, ya sa ta shan wuta da saurin ƙonewa.

3.0 Rigakafi

i. A juye tanki a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, musamman bayan hunturu da bayan damina.
ii. A ɗaga mafitar ruwa sama da gindin tanki, a tanadi wata ƙofa a ƙasa don zubar da laka.
iii. A sa mataci tsakanin burtsatse da tanki.
iv. Kada a haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe kai tsaye, domin haɗuwarsu cikin ruwa tana gaggauta cin baƙin. A raba su da mahaɗin roba.
v. A riƙa duba sandar magniziyam da ke cikin hita mai tanki. Aikinta ta cinye a madadin jikin hitar, idan ta ƙare kuwa tsatsa ta samu hanya.

4.0 Kammalawa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Jan ruwan da ke fitowa daga famfo da sassafe alama ce ta ɓarnar da ta daɗe tana gudana a ɓoye. Wanke randa aiki ne da aka san mai shi, amma tanki yana bisa hasumiya, musamman a gidajen haya, inda kowa ke jiran wani. Akwai buƙatar manazarta al'ada su bibiyi yadda wannan nauyi ya suɓuce, da kuma wanda ya kamata ya ɗauke shi a yau.