Fitsari yana tona asirin ɗan wasa

A watan Disamba 2023 aka yi kokowar takobi ta ƙasa a Agadas. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi. Ɗan kokowa da abinci da horo yake samun ƙarfi.

Amma a manyan wasannin duniya akwai masu ha'inci. Suna shan ƙwaya ko yin allurar wani magani, sunansa siteroyid. Yana ƙara tsoka, amma yana ɓata hanta da zuciya, har ya rage wa namiji haihuwa.

Yaya ake gane su? Da fitsari, don ragowar maganin ta nan take fita. Ɗan wasa yana yin fitsari gaban ma'aikaci, kada ya kawo na wani. Sai a raba shi kwalba biyu, a liƙe. Lamba ake sa musu, ba suna ba. Masu bincike su auna ta farko. In an ga magani, ɗan wasa yana iya neman a buɗe ta biyu.

Haka aka kama Ben Johnson na Kanada a wasannin Olamfik na 1988, a Koriya ta Kudu. Ya ci gudun mita 100. Bayan kwana uku aka karɓe lambarsa ta zinariya.