Amsoshin Tambayoyinku: Ruwa Ya Ɗauke, Me Ya Hana Jirgin Sauka?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Zongon Sokode, kuma harkokina kan kai ni Dapaong. A daminar bara mun je can tarbar baƙin da aka ce za su zo da ƙaramin jirgi. An kwana ana ruwa, amma da hantsi rana ta buɗe, fili ya sha iska. Jirgin ya zo, ya yi ƙasa-ƙasa, ya zagaya sau biyu, sai ya juya ya tafi abinsa. Malam, wannan ba tsoro ba ne kuwa?

Amsa: Ban ga laifin matuƙin nan ba. Zagayen da ka gani dubawa yake yi, kuma abin da ya hango ne bai kwanta masa a rai ba.

A duk faɗin Togo, manyan filayen jirgi masu titin kwalta biyu ne: na Lome da na Niamtougou, arewa da Kara. Irin na Sokode, Mango da Dapaong ƙananan filaye ne na ƙasa. Kwalta kan tsane cikin awa ɗaya ko biyu. Ƙasa kuwa, musamman a watannin Agusta da Satumba da ta riga ta ƙoshi da ruwa, samanta kawai rana ke busarwa, kamar kunun da ya huce ya yi fata alhali cikinsa ruwa ne tsululu. Inda marmara take da tsakuwa, aka kuma yi wa titin doro ruwa na gangarewa gefe, da sauƙi. Inda laka ta yi yawa, ko wani kwari da ruwa ke kwanciya, sai a kwana biyu ana rana wurin bai ɗauki nauyi ba.

To dubi jirgin kansa. Ƙarami irin Cessna 172 ya haura tan ɗaya idan ya cika, kuma duk nauyin yana kan tayoyi uku da ba su fi na baro girma sosai ba. Yana taɓa ƙasa ne da gudun kusan kilomita 90 zuwa 100 a awa. Idan tayar gaba ta lume a taɓo da wannan gudun, hanci zai dunguri ƙasa, farfela ta sari laka, wani lokaci jirgin ya kife ta kai. In kuwa santsi ya tarar, birki ba ya kamawa, sai ya zarce ƙarshen titi ya faɗa gona.

Abin da masu tarba ba su cika tunawa ba shi ne tashi ya fi sauka wuya. Laka tana riƙe taya, jirgi ya yi ta gurnani bai kai gudun da fukafukai za su ɗauke shi ba. Hukumar jiragen sama ta Ingila tana shawartar matuƙan ƙananan jirage su ƙara aƙalla kashi 25 cikin 100 a kan tsawon da suke buƙata don tashi idan ƙasa ta yi laushi, kashi 30 idan jiƙaƙƙiyar ciyawa ce. Ga zafin rana da yawan kaya, kowanne na ƙara nasa. Titin da ya wadatar a lokacin hunturu sai ya gaza a damina. Matuƙi na iya sauka lafiya ƙalau, ya kwana uku yana jiran ƙasa ta ba shi hanya, ga hadarin yamma na sake haɗowa.

An ce gani ya kori ji, amma ban da nan. Daga sama matuƙi na iya hango kwanciyar ruwa, da duhun ƙasa mai danshi, da zaizayar da ta tsaga titi. Taurin ƙasa kam ba ya ganuwa. Shi ya sa a ƙungurmin dajin Ostareliya, inda likitoci ke kai wa makiyaya ɗauki ta jirgi tun 1928, mai fili ne ke shiga mota ya bi titin daga farko har ƙarshe, ya duba zurfin sawun taya, sannan ya faɗa wa matuƙi ta rediyo. A wajenmu aikin ma ya fi haka, domin akwai sawun shanu da ya bushe ya zama ramuka, da sabon suri da gara ta gina bayan ruwa, da awakin da suka mai da filin makiyaya.

Na san takaicin da ke ciki, don in jirgi ya koma Niamtougou, daga can zuwa Dapaong tafiya ce ta awanni a mota, kuma damina ba ta ƙyale hanyoyin mota ba su ma: a 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpape, ta yanke babbar hanyar da ta haɗa Lome da arewa. Duk da haka matuƙin kirki ba ya tasowa sai da man da zai kai shi filin kwalta idan ya fasa sauka.

Saboda haka, Alhaji, in an sake sa ku tarba a damina, ku nemi masu kula da filin tun da sassafe. A bi titin da mota mai kaya, a kore dabbobi, a faɗa wa matuƙi ƙarfe nawa ruwa ya ɗauke da inda taya ta lume. Ko da baƙin manya ne, kada kunya ta sa a ce masa fili ya bushe.